Manhajar Taka Ce, Saitin Na Mai Shago Ne

Duk wanda ke bin harkar kwamfuta a Katsina ya san cewa yawancin ayyukan da matasanmu ke samu ba na gina manhaja daga tushe ba ne. Makaranta mai zaman kanta tana son fitar da sakamakon ɗalibai ba tare da malamai sun kwana suna danna kalkuleta ba. Mai kemis a Ƙofar Ƙaura yana son sanin abin da ya rage masa a kanta. Cibiyar da ke horar da yara jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tana son tsarin gwaji. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko babbar manhajar da ta riga ta tsaya da ƙafafunta, irin su WordPress ko Moodle, a rubuta wata 'yar ƙarama a jona mata, wadda 'yan harkar ke kira fulogin. Da yawa daga yaran da suka fito daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da Kwalejin Hassan Usman, da makarantun Dutsin-Ma da Daura, da wannan suke cin abinci. Kuma sun iya, babu ƙarya.

Inda nake da ja da su wuri ɗaya ne: ɓangaren manhajar da ke girka fulogin ɗin, ya sabunta shi, ya cire shi, wanda zan riƙa kira mai girkawa. Shi ake rubutawa a daren ƙarshe, ido na lumshewa, gobe da safe za a kai aiki a karɓi ciko. Alhali shi kaɗai ne ɓangaren da ke sa hannu a kan abin da ba na mai rubutawa ba, wato saiti.

Mutane na jin kalmar saiti sai hankalinsu ya tafi ga launin allo ko girman rubutu. A makaranta, saiti shi ne ko gwaje-gwajen cikin zango maki 30 ne jarrabawa 70, ko kuwa 40 da 60. Shi ne makin da ake fara kira faɗuwa. A kemis shi ne faɗin takardar rasit, ko ta milimita 58 ce ko ta 80, da adadin kwalin da idan magani ya sauko ƙasa da shi za a yi gargaɗi, da asusun da kuɗin ciniki ke faɗawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne da wani mutum ya zauna ya yanke, wani lokacin ma bayan an yi taron malamai an tayar da jijiyar wuya. Mai rubuta fulogin kamar magini ne da aka kira ya ƙara ɗaki ɗaya a gidan mutane: ba shi da hurumin canza kwaɗon zaure ko toshe magudanar da ya tarar, ko da yana ganin an yi ta ba daidai ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na taɓa zama a ofishin shugaban wata makaranta a cikin garin nan a makon rufe zango, ana cikin buga katin sakamako, sai wata malama ta shigo da kati a hannu. Yarinyar da ta ci 36 a gwajin cikin zango an rubuta mata 30. Aka duba na sauran, duk wanda ya haura 30 an yanke masa. Shugaban ya ɗaga waya: "Injiniya, don Allah mi ka taɓa mana?" Daga can aka ce, "Yallaɓai, wallahi ban taɓa komai ba, sabuntawa kawai na yi jiya." Kuma gaskiya ya faɗa a iya saninsa. Shi bai taɓa ba. Mai girkawar da ya rubuta ne, duk lokacin da aka kunna shi, yake zubar da abin da ya tarar ya maido da saitin asali na 30 da 70, makarantar kuwa 40 da 60 take amfani da shi. An yi sa'a katunan ba su kai hannun iyaye ba.

Abin takaicin shi ne an daɗe da warware wannan matsala a duniya. Masu tsarin Debian, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, wadda aka kafa tun 1993, sun rubuta shi a dokarsu cewa dole gyaran da mai kwamfuta ya yi wa fayil ɗin saiti ya tsira idan an sabunta manhaja. Yadda suke yi ba wani siddabaru ba ne. Mai girkawa yana riƙe da shaidar yadda fayil ɗin yake ranar da aka saka shi. Ranar sabuntawa sai ya gwada: idan ba a taɓa shi ba, ya musanya shi da sabo, idan an taɓa, ya tsaya ya yi tambaya, kuma in ba a ce masa komai ba ya bar na mai gida a inda yake, ya ajiye sabon a gefe da wani suna domin a kwatanta daga baya. Dangin Red Hat, wani tsarin irin Debian, su ma suna da irin wannan, suna ajiye sabon da wutsiyar .rpmnew. A WordPress kuwa abin ya fi haka sauƙi, don akwai umarni biyu masu kama da juna. Ɗaya, add_option, idan ya tarar an riga an ajiye wani abu da wannan suna, sai ya wuce bai taɓa ba. Ɗayan, update_option, bi ta kai yake yi. Injiniyan makarantar can na biyun ya saka a wurin na farko.

Amma ni a ganina akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne ko waɗanda suka ƙware suke tuntuɓe. Bai kamata mai girkawa ya kwashe duk saitin asali ya zuba cikin rumbun bayanai ranar farko ba. Saitin asali ya zauna a cikin manhaja, abin da mai shago ya canza da hannunsa kaɗai ake ajiyewa daban, in an zo aiki a fara duba nasa, in babu a koma na asali. Dalilin zai fito fili idan muka tuna ranar 1 ga Fabrairu 2020, lokacin da harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Ka ce ka rubuta fulogin na rasit, ka saka wa shaguna da yawa. Mai sayar da kayan lantarki bai taɓa shiga wurin haraji ba, ya bar shi yadda ya zo. Mai kemis ya shiga ya mayar da shi sifili, domin magani ba a ɗora masa wannan haraji. Idan tsarinka ya raba na asali da na mai shago, ranar da doka ta canza ka gyara wuri ɗaya, mai kayan lantarki ya koma 7.5, mai kemis yana nan a sifilinsa. Idan kuwa ka cakuɗa su tun farko, lambar 5 da ka gani a rumbun wani ba za ka taɓa sanin ko shi ya zaɓe ta ko kai ka zuba masa ita ba. Daga nan sai dai ka bi ta kan kowa, ko ka bi shago-shago a kan mashin.

Duk da haka ina ƙara sharaɗi. Abin da ya shafi kuɗi ko makin yara, ko na asali ne ka canza, kada ya canza a ɓoye. A rubuto a allo da harshen da mai shago ke ji: haraji ya koma kaza daga yau, ka amince? Dannawa ɗaya ce, amma ta mayar da hukuncin hannun mai shi.

Maganar inda ake ajiye saiti ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai har yanzu ana kuskurenta. WordPress idan zai sabunta fulogin, foldar tsohon yake sharewa ɗungurungum ya kawo sabuwa, don haka wanda ya ajiye saiti ko tambarin makaranta a cikin wannan folda ya ajiye su a bakin kura. A Windows, tun fitowar Vista a 2007 aka tsaurara hana manhaja rubutu a cikin Program Files, foldar da ake girka manhajoji a ciki. Abin da ya shafi mutum ɗaya wurinsa AppData, abin da ya shafi duk masu amfani da kwamfutar wurinsa ProgramData. Wannan rabuwa tana da amfani ƙwarai a wajenmu, inda kwamfuta ɗaya a ofishin makaranta mutum huɗu ke zama a kanta. Sannan a sa wa kowane saiti suna mai ɗauke da alamar fulogin ɗinka a gaba, domin teburin saiti na WordPress na kowa da kowa ne, kuma ba kai kaɗai ka yi tunanin kiran naka "currency" ba.

Sai maganar wuta, wadda littattafan da yaranmu ke koyo daga cikinsu ba su cika damuwa da ita ba, saboda waɗanda suka rubuta su ba su san a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba, ko janareto ya shaƙe, ko batirin sola ya yi ƙasa da la'asar. Mu kuwa wannan abincin yau da gobe ne. Mai girkawar da ya buɗe fayil ɗin saiti, ya share abin da ke ciki, ya fara rubuta sabo, akwai ɗan lokaci, ko da ƙiftawar ido ne, da tsohon ya tafi sabon bai gama zama ba. In wuta ta tafi a wannan gaɓa, gobe a wayi gari da fayil rabi ko wayam, manhaja ta ƙi tashi, kuma babu wanda zai iya tuna duk abin da aka saita shekara biyu da suka wuce. Hanyar kauce wa wannan tsohuwa ce: a rubuta sabon a fayil dabam, a tabbatar ya sauka a faifai, sannan a canza masa suna ya maye gurbin tsohon, domin canza suna aiki ne da ko dai ya auku ko bai auku ba, babu rabi. In a rumbun bayanai ne, a ɗaure canje-canjen a dunƙule ɗaya, su shiga tare ko su fasa tare. Kafin duk wannan kuma a yi kwafin tsohon, a sa masa kwanan wata. Kuma mai girkawa ya zama wanda za a iya sake kunnawa sau biyu, sau uku, bai ɓata komai ba, saboda abin da mutum zai yi da zarar wuta ta dawo ke nan.

Haka nan intanet. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Batsari, aka ɗauki watanni a haka. Ko ba wannan ba, wanda ya taɓa kai aiki ƙauyukan Baure ko Mai'adua ya san yadda sabis ke zuwa ya tafi. Mai girkawar da sai ya leƙa wata sabar, wato babbar kwamfutar da ake ɗauko bayanai daga gare ta ta intanet, a Turai ya ɗauko saitinsa kafin ya ƙarasa, an rubuta shi ne don wata ƙasa ba wannan ba. Duk abin da yake buƙata ya zo da shi a cikin jakarsa.

Manhaja tana girma, tsarin saitinta ma yana canzawa, kuma ba kowa ke sabuntawa a kan lokaci ba. Wani zai yi tsalle daga siga ta farko zuwa ta biyar. Moodle ya tilasta wa masu rubuta masa fulogin tsari mai kyau a nan: kowane fulogin yana da lambar siga, matakan sauyi kuma a jere suke, in an gama ɗaya a sa alama, ta yadda ko an katse a tsakiya za a ci gaba daga inda aka tsaya. A WordPress babu mai tilasta maka, kuma mutane da yawa ba su san cewa umarnin da ke gudana ranar da aka kunna fulogin ba ya sake gudana ranar sabuntawa ba. Kai ne za ka ajiye lambar sigar tare da saitin, ka riƙa dubawa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ɗauki sunan tsohon saiti a ba shi sabuwar ma'ana don ƙyashin ƙirƙiro wani. Wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya yi haka. Sun ɗauki wata tsohuwar alama da a da take kunna wani aikin da aka daina amfani da shi, suka ba ta sabon aiki, aka saka sabuwar manhajar a sabar bakwai cikin takwas, aka manta ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012 da aka kunna alamar, ta takwas ɗin ta fahimce ta da tsohuwar ma'ana, ta kama saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440. Mu ba mu da irin wannan kuɗi da za mu rasa, amma cibiyar jarrabawa mai kwamfuta ɗari biyu da aka sabunta wasu aka tsallake wasu, irin wannan ramin ne dai take tsaye a bakinsa.

Kuma kada mai girkawa ya gaskata duk abin da ya karanto daga saiti, musamman in zai yi gogewa da shi. A farkon 2015 an gano cewa manhajar wasanni ta Steam a kan Linux tana da layin da ke cewa a goge duk abin da ke cikin folda kaza. Sunan foldar daga wani wuri ake ɗauko shi, kuma akwai yanayin da yake dawowa babu komai a ciki. Da ya dawo wayam, umarnin ya zama a goge komai tun daga tushe, har wani ya rasa duk fayilolinsa haɗe da na faifan ajiyar da ke jone da kwamfutar. Layi ɗaya na dubawa, cewa in sunan babu komai a tsaya, da ya hana.

Akwai wani nau'in saitin da ya fi sauran haɗari, shi ne na sirri. Fulogin na karɓar kuɗin makaranta yana aiki da makullin Paystack ko Flutterwave, wato lambar sirrin da waɗannan kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet ke ba mai asusu, kuma akwai makullin gwaji akwai na gaske. Yadda ake yaɗa manhaja a garin nan kowa ya sani: a filashi, a WhatsApp, ta Xender, daga wannan hannu zuwa wancan. In ka bar makullin makarantar farko a cikin kunshin da ka kai wa ta biyu, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kuɗin iyayen nan ya riƙa faɗawa asusun can. Makulli ba ya tafiya a cikin kunshi, kuma ba a rubuta shi a fayil ɗin rahoton kurakurai. Ranar girkawa ake tambayar mai shi ya saka da kansa. Haka kalmar sirri. Al'adar barin "admin" da "1234" da nufin za a canza daga baya, kowa ya san ba a canzawa. Cutar kwamfutar nan ta Mirai da ta rikita manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a watan Oktoba na 2016, da jerin sunaye da kalmomin sirri na asali kimanin 60 kacal ta shiga dubban na'urori. Mai girkawa ya ƙi ƙarasawa sai an zaɓi kalmar sirri ta gaske. Tun 2023 ma muna da dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma sunayen yara da lambobin iyayensu da bayanan marasa lafiya duk sun shiga ƙarƙashinta.

Wani ɗan abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ko da yake wasu za su ce ƙarami ne: fayil ɗin saiti da ba a ajiye shi a tsarin UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke gane haruffa irin su ƙ da ɗ. Mai shago ya rubuta adireshinsa, Ƙofar Ƙaura ko Ɗanmusa, rasit ya fito da alamar tambaya a wurin harafin farko, alamar naira ta zama akwati. Sai mutum ya haƙura ya cire lanƙwasar. Bahaushe ne ya rubuta manhajar, Bahaushe ke amfani da ita, amma an gwada ta da sunan John kaɗai. Haka kwanan wata: 3/4 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris, kuma wa'adin lalacewar magani ba wurin caca ba ne.

Cirewa kuma iri biyu ce, a daina haɗa su. Akwai kashe fulogin na ɗan lokaci, wanda shi ne abu na farko da duk mai gyara ke yi idan yana neman inda matsala take, akwai kuma sallamarsa gaba ɗaya. WordPress ya raba su, Debian ma ya raba cirewa da sharewa. Wanda ya sa gogewar saiti a wurin kashewa, ya shirya wa abokin sana'arsa tarko. In an zo sallama ta gaskiya kuwa, a yi tambaya, a goge abin da kai ka kawo kaɗai, kuma kada a bar makullan sirri suna kwance a rumbu.

Na san abin da 'yan uwana masu wannan sana'a za su ce, don sun sha faɗa mini a majalisa. Aikin da aka yi ta ja-in-ja a kan farashinsa har ya koma abin da bai kai kuɗin data da man mashin ba, shi za a zauna ana yi wa duk wannan ƙawa? Suna da gaskiya rabi. Masu ba da aiki a garin nan suna biyan abin da ido ke gani, allo mai kyau da tambari mai walƙiya, ba sa biyan abin da ke hana kuka bayan wata shida, kuma araha ba ta ado. Sai dai yawancin abin da na lissafa ba ya cin kwana. Sau ɗaya ake rubuta shi a riƙa ɗauka daga aiki zuwa aiki. Wanda bai yi ba, zai biya da kiran waya ranar Juma'a da dare. Akwai kuma waɗanda, mu faɗi gaskiya, da gangan suke binne saiti a cikin kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, ta yadda ko lambar waya za a canza a kan rasit sai an kira su an ba da na mai. Suna kiransa abincin gobe. Ni ban ga bambancinsa da riƙe wa mutum makullin shagonsa ba, kuma irin wannan ne ke sa Alhazan garin nan su gwammace su ɗauko kamfani daga Legas ko Abuja a kan ninkin kuɗin.

Saboda haka rabin gyaran yana hannun masu ba da aikin, tun daga shugabannin makarantu har ma'aikatun gwamnati da ke ta maganar mayar da ayyukansu kan kwamfuta. Ba sai sun iya karanta kod ba. Kafin a biya ciko, a zaunar da injiniya a gaban kwamfutar gwaji, ya girka, mai aikin ya canza abubuwa biyar da hannunsa ya rubuta su a takarda, har da suna mai ƙ da ɗ. A ce ya sabunta, a duba takardar. A ce ya sake, ana tsakiya a zare waya daga soket, a mayar, a gani ko za ta tashi. A kashe fulogin a kunna, a sake duba takardar. Awa ɗaya ta isa, kuma a rubuta wannan gwaji a cikin yarjejeniya tun ranar da aka yi ciniki, don kada ya zama rigima daga baya. Sannan a buƙaci maɓallin da ke fitar da dukkan saitin a fayil ɗaya da za a iya mayarwa in kwamfuta ta mutu ko an sace ta. Fayil ɗin a ajiye shi a filashi a durowar shugaban makaranta, kwafi kuma a imel ɗin makarantar, ba a wayar injiniya ba, wanda wataƙila baɗi war haka yana bautar ƙasa a Ebonyi.